Muhawara kan hotunan tauraron ɗan'adam da ake sayarwa a kasuwa

Mai Lura: Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda sirrin tsaro ya koma hajar kasuwa, kuma babu wanda ya damu. Tauraron WorldView-3 da aka harba a 2014 yana ɗaukar hoton da kowane ɗigonsa ke wakiltar kusan santimita 30 a ƙasa, har ana iya bambance tankar yaƙi da motar ɗaukar kaya. Kamfanin Planet kuwa kusan kullum sai ya ɗauki hoton doron ƙasa. Yau kowa zai iya ƙirga jiragen yaƙin da ke ajiye a sansanin soja.

Tsohon Soja: Malam, ka ce kowa, kuma nan ne ka yi kuskure. Manyan kamfanonin suna aiki ne da lasisin gwamnatin Amurka. A 2001 ma'aikatar tsaronta ta saye dukkan hotunan Afganistan da tauraron Ikonos ya ɗauka, don kada su faɗa hannun wani.

Malamar Makaranta: Yallaɓai, ai tun 2005 duk mai kwamfuta da intanet yake buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna irin waɗannan hotuna, kyauta. In wannan ba kowa ba ne, to wane ne kowa?

Tsohon Soja: Malama, hoton da ya yi watanni ko shekaru a ajiye ba ya nuna inda runduna ta kwana jiya. Sabon hoto mai kaifi kuɗi ake biya, kuma ba kowane mai saye ake sayar wa ba.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, ka tsallake abu guda. Dokar Kyl-Bingaman ta 1997 ta hana kamfanonin Amurka sayar da hotunan Isra'ila masu kaifi, sai a 2020 aka sassauta ta. Ke nan akwai 'yan lele da aka lulluɓe, sauran ƙasashe kuwa an bar su a fili. Haka a 2022 aka yi ta yaɗa hoton ayarin sojojin Rasha mai tsawon kusan kilomita 64 a arewacin Kyiv, babban birnin Ukraine.

Malamar Makaranta: Malam, son da kake wa Rasha ne ke magana. Hotunan Maxar, kamfanin da ya ɗauki hoton ayarin, su ne suka nuna gawarwaki a titin Bucha, wani gari kusa da Kyiv, tun garin yana hannun sojojin Rasha.

Ɗan Jarida: Ban kare kowa ba, Malama, kuma ban yarda a jingina ni da wata ƙasa ba.

Tsohon Soja: Bari in taƙaita, tunda na fi ku sanin aikin. An amince cewa ba kowa ke samun waɗannan hotuna ba, kuma hukumomi na riƙe da linzami, don haka fargabar Malam Mai Lura ta yi yawa.

Malamar Makaranta: Yallaɓai, ni ban amince ba, kuma har yanzu ina jiran Malam Ɗan Jarida ya ce wani abu game da Bucha.