Wace garmar ture ƙanƙara ce ta dace da ƙaramar Jeep?

Baƙon Minnesota:
Assalamu alaikum. Bana muka tare a wani gida da ke bayan garin St. Cloud, kuma hanyar da ta taso daga titi zuwa gareji ta kai mita 80, rabinta tsakuwa ce. A hunturun bara da shebur na yi ta fama da dusar ƙanƙara har bayana ya riƙe. Ina da Jeep Wrangler ƙirar 2012 mai ƙofa biyu, ina so in ɗaura mata garma a gaba. Wani maƙwabcina zai sayar mini da tasa mai faɗin ƙafa 8 da araha, wadda ya ciro daga babbar akori-kura. Shin in karɓa?

Bakanike a Winnipeg:
Wa alaikumus salam. Malam, kada arahar ta ruɗe ka, domin wannan garmar ta fi ƙarfin motarka. Kafin ka yi maganar kuɗi da kowa, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, za ka ga an rubuta GAWR na gaba, wato iyakar nauyin da ƙafafun gaba za su iya ɗauka. Garmar babbar mota tana haura kilo 300, kuma tun da a gaban bamba take rataye, nauyin da take dannawa a kan ƙafafun ya fi nauyinta na sikeli, sannan tana ɗage bayan motar. Sakamakon shi ne sifirin ya zauna, sitiyari ya yi nauyi, burkin baya ya rage kamawa.

Abin da ya dace da kai shi ne ƙananan da aka ƙera don aikin gida, irin su tsoffin samfuran Homesteader ta kamfanin Fisher ko Suburbanite ta Western, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 130 ba. A cikinsu na fi son mai ƙafa 7 da inci 4 a kan mai ƙafa 6 da inci 8, saboda idan ka karkata ƙaramar za ta share kusan inci 70 ne kacal, alhali faɗin motarka ya kusa inci 74, sai tayoyinka su riƙa taka abin da ba a ture ba. Ka sayi ƙarfen ɗaurawa wanda aka yi wa shekarar motarka musamman, mai kama shasi da noti. Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa waldar ƙarfen ɗaurawa a gida, karo ɗaya da gefen kwalbati ya lanƙwasa shasin.

Tsohon mazaunin Buffalo:
Na yarda da bakanike, sai dai ya bar maganar wuta. Famfon da ke ɗaga garmar yana zuƙar batir ƙwarai, har ka ga fitilu suna dushewa duk lokacin da ka ɗaga, don haka tsohon batir ba zai kai ka Janairu ba. Ka shafa giris na lantarki a mahaɗar wayoyin, domin gishirin da ake zubawa a titi yana cinye su. Ka kuma ɗaure buhunan yashi a can ƙarshen bayan motar don kada ya ɗaga.

Amma ƙanena, ka san iyakar ƙaramar mota. A Nuwamban 2014 ƙanƙarar da ta sauka a kudancin Buffalo ta kusa ƙafa 7, ranar manyan motoci ma sun tsaya. Dabarar ita ce ka fita tun tana zuba, duk inci 4 ko 5 ka ture, a hankali, kuma ka tsaya cak kafin ka sa ribas, in ba haka ba giyar ce za ta biya.

Maman 'yan biyu, Duluth:
Game da tsakuwar, akwai wasu takalman ƙarfe biyu a ƙasan garmar, ku sauke su bakin ya ɗago kaɗan har sai ƙasa ta daskare. Mu da ba mu sani ba, da bazara muka tarar da rabin tsakuwarmu a cikin ciyawa. Kuma dokar Minnesota ta hana tura ƙanƙarar gida kan titin jama'a.

Baƙon Minnesota:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ba maƙwabcin haƙuri. Ranar Asabar zan kai motar sikeli a auna gabanta, in cire daga abin da ke kan takardar, sannan in je wurin dillali.