Wane fenti zan saya wa sojojin roba?

Sabon Shiga (Marwa): Assalamu alaikum. Yayana ya aiko mini da kwali biyu na ƙananan sojojin roba na kamfanin Italeri, masu girman 1/72 (wato an rage girman mutum sau 72), daga Faransa, har da dawakai. Ban taɓa riƙe buroshi ba. Wane fenti ake samu a nan gida wanda ba sai na jira wani ya sauko daga jirgi ba?

Na Kusiri: Wa alaikumus salam. Kafin maganar fenti, wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Robar nan da maiƙo take fitowa daga kamfani, in ba ka wanke ba fenti zai riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa.

Tela Garwa: Fentin kamfanin Vallejo. Shi ke nan.

Sabon Shiga (Marwa): Yaya, a ina zan ga Vallejo a Marwa?

Tela Garwa: Ba za ka gani ba. Ni ma daga Duwala ake sako mini a mota.

Kawu Mai Gini (Njamena): Ɗana, bari in ba ka labarin abin da ya same ni, ka ɗauki na ɗauka. Bara na ce zan gina ƙauyen ƙabilar Musgum guda a kan tebur, irin ɗakunan nan masu tsini na garin Pus da aka yi wa zane-zane a jiki, waɗanda magini ke takawa ya hau. Na tara farin soson nan na cikin kwalin firji, na zauna sati uku da reza ina sassaƙa. Ɗaki tara, da katangar da ta haɗa su, da rumbu. Sai gaggawa ta kama ni, na je shagon kayan gini na ce a ba ni bom ɗin fenti, wato gwangwanin feshi, ruwan ƙasa. Na tambayi yaron shagon ko yana cin soso, ya rantse mini ba ya ci. Na jera su a tsakar gida bayan azahar, a watan Afrilu, kun san Njamena a Afrilu. Fesawa ɗaya, sai na ga ɗakuna suna lotsawa a gabana kamar an ɗora kitse a wuta. Sinadarin da ke cikin gwangwanin ne ke narkar da soson. Biyu kawai suka tsira, su ma don suna can baya. Ragowar fentin na ce kada ya tafi a banza, na fesa wa mahaya goma sha biyu. Saboda zafi, fentin ya bushe a iska kafin ya sauka, suka fito da ƙurji-ƙurji kamar an barbaɗa musu gero. Kwana biyu ina goge su da tsohon buroshin haƙori. Yanzu duk abin da na yi da soso sai na shafe shi da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, shafi biyu, ya bushe ƙamas, sannan fenti. Feshi kuwa bayan asuba kawai, a inuwa, hannu nesa da kaya kamar taƙi guda. Uwargida har yau in ta ga kwalin firji sai ta ce “Alhaji, ga garinku.”

Na Kusiri: 😂😂 Kawu, Allah ya mayar da alheri.

Bafulatanin Ngaundare: Babarbare da gini ai sai haka. Da ka kawo wa ubangidanka ya nuna maka.

Kawu Mai Gini (Njamena): Ji mai bukkar kara yana koya wa mutane gini. Je ka duba shanunka, bawana.

Malama (Garwa): Ni da fentin ruwa na 'yan makaranta na fara, amma ka duba a rubuce acrylique yake, ba gouache ba. Gouache ko ya bushe, ruwa ya taɓa shi sai ya tashi. Ana samun na tube a shagunan littattafai. Ka sirka shi ya yi kamar madara, ka shafa sau biyu ko uku. Shafi ɗaya mai kauri yana cike fuskar soja, ya zama ba ido ba hanci.

Tela Garwa: Na tube bai da ƙarfin launi. Ja da rawaya sai ka yi shafi biyar.

Malama (Garwa): Mutumin da bai taɓa riƙe buroshi ba za ka sa ya zuba kuɗi a fenti mai tsada irin Citadel? Bari hannunsa ya faɗa tukuna.

Tela Garwa: Ban ce Citadel ba, Hajiya. Wannan na Games Workshop ne, 'yan Nottingham, kwalbarsu ma murfinta ba ya rufuwa da kyau in fenti ya taru a baki, a hunturu ka buɗe ka tarar da dutse. Vallejo ɗigawa ake yi, iska ba ta shiga sosai.

Ɗan Kasuwa (Kusiri): Wa ke da sauran ciyawar roba? Tawa ta ƙare.

Na Kusiri: Wace ciyawar roba ana zaune bakin Logon? Ɗebo yashi, ka tankaɗe da rariya, ka shanya. Gam a gindin soja, ka tsoma a yashi. Ciyawa kuma zaren igiyar buhu ka yayyanka. Duwatsun Rumsiki da na yi da ɓawon itace na yi su, na bi kansu da busasshen buroshi, toka-toka sannan fari kaɗan.

Bafulatanin Ngaundare: Maganar bushewa: ku sa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, ku shimfiɗa takardar gashin kek a kai, ku ɗiga fenti a nan. Yana kai awanni bai bushe ba. Mu nan sanyi ya rufa mana asiri, amma ku na arewa dole ne.

Ɗan Kasuwa (Kusiri): Af, ina maganar teburin yaƙin Kusiri? An ce kafin 22 ga Afrilu, ranar da aka yi yaƙin, za a gama.

Kawu Mai Gini (Njamena): Sojojin Lami, kwamandan Faransa, suna hannuna, saura na Rabe. Babu kamfanin da na samu yana yin su a 1/72, sai dai a gyara sojojin roba na Sudan a yi musu rawani da gam da takardar goge hannu.

Tela Garwa: Sojojina masu tsayin milimita 28 ne fa, sun fi na 1/72 girma. In aka jera su da naka sai su zama kamar uba da 'ya'yansa.

Na Kusiri: Tun 1900 aka gama yaƙin nan a rana ɗaya, Rabe da Lami duk suka kwanta, mu shekara biyu mun kasa shirya tebur.

Malama (Garwa): Ni mahaya lifidi na ɗauka, kuma na gama takwas. Hoton dawakin Lamiɗo na hawan sallah nake kallo ina kwaikwayon launin. Murabba'in ja da rawaya a jikin lifidin da tsinken sakace nake ɗiga su, buroshi ya gaza.

Bafulatanin Ngaundare: Hajiya turo hoto.

Malama (Garwa): Sai an kawo wuta, waya na gab da mutuwa.

Kawu Mai Gini (Njamena): Kuma ku rufe kayanku da kwano in suna bushewa. Ƙurar hunturu in ta zauna a kan ɗanyen verni, wato shafin ƙarshe mai kare fenti, ba ta fita.

Sabon Shiga (Marwa): Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. To a ƙarshe wanne zan saya? Akwai wani fentin mai na ƙofa da ya rage a gidanmu, kore.

Tela Garwa: Kar ka kuskura.

Na Kusiri: Ka wanke su tukuna dai?

Sabon Shiga (Marwa): Suna cikin roba a tsakar gida. Ƙanena ya ɗauke doki ɗaya, ana nema.