Ɗan kwikwiyon Lhasa: ya za a san girman da zai kai?

Maman Sadiq: Salamu alaikum. An kawo ma maigidana ɗan kwikwiyo don tsaron gida, mai sayarwa ya ce irin karen nan mai yawan gashi ne da ake kira Lhasa, wata 4, kuma ba zai wuce haka da yawa ba. Nauyinshi kilo 2.2. Muna son kafinta ya yi mashi ɗaki a bayan gida nan Ƙofar Kaura. Da wane girma za mu yi lissafi?

Ɗan Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam Hajiya. Dubi tafin ƙafarshi. In babba ne, zai girma.

Likita: Malam, ba a dogara da tafin ƙafa ga ƙananan karnuka, balle Lhasa da gashi ke rufe ƙafar. Hajiya, kafin wani lissafi a tabbatar da watannin nashi, don nan ake cutar mai saye. Sai a kawo kwikwiyon sati 8 ko 9 a ce wata 4 ne, don a ɗauka ƙaramin iri ne a biya da tsada. A buɗe bakinshi a duba. Haƙoran nono 28 ne, sirara masu tsini kamar allura, suna cika wajen sati 6 zuwa 8. Ƙananan haƙoran gaba ke fara zubewa wajen wata 4, fiƙa ta canza tsakanin wata 5 da 6, zuwa wata 7 haƙoran girma 42 sun cika. In babu giɓi ko ɗaya a gaba, babu wanda ke girgiɗi, to da wuya ya kai wata 4.

Ga amfanin sanin wannan. Karnuka 'yan mitsi-mitsi irin su Chihuahua da Pomeranian suna kai rabin nauyinsu na girma wajen sati 11 zuwa 12. Ajin Lhasa da Shih Tzu kuwa sai wajen sati 14. Ke nan a auna shi a wannan lokacin a ninka biyu. In da gaske sati 16 gare shi da kilo 2.2, ya riga ya wuce rabi, zai tsaya wajen kilo 4. In kuwa sati 9 ne, a sa ran kilo 6 ko fiye. Cikakken Lhasa yana tsakanin kilo 5 da rabi zuwa 8, tsayin kafaɗa wajen inci 10 zuwa 11, namiji ya ɗan fi mace.

Baban Ummi: Akwai lissafin da ake yi: a raba nauyi da adadin sati, a ninka da 52.

Likita: Yaya, wannan yana zarce gaskiya a nan. 2.2 raba 16 sau 52 ya ba da kilo 7 da 'yan kai, don lissafin ya ɗauka kare zai yi ta girma da sauri ɗaya har shekara. Ƙaramin iri kuwa ya kusa gamawa tun wata 9 zuwa 10.

Malam na Batagarawa: Ni abin da zan ce, kare na gadi ne da farauta da kiwo. Kar a mayar da shi cikin ɗaki.

Maman Sadiq: Malam, ai bayan gida na ce.

Ɗan Ƙofar Marusa: To Lhasa wane ɓarawo zai kama?

Baban Ummi: Haushi ne aikinshi, ƙanena, kuma ya iya. Asalinshi ƙasar Tibet, can ma don ya sanar da shigowar baƙo ake ajiye shi.

Mai kaji na Daura: Hajiya, maganar awo. Kar a yi amfani da sikelin da mutum ke hawa, ba ya nuna bambancin giram 100 ko 200 daidai. A samu ƙaramin sikelin da ake auna 'yan tsaki ko fulawa. A auna kwando shi kaɗai, a saka kwikwiyon, a cire nauyin kwandon. Rana ɗaya a sati, da safe kafin ya ci abinci, a rubuta a littafi. Awo huɗu a jere sun fi awo ɗaya faɗin gaskiya.

Likita: Haka ne. Kuma a lura da ciki. Kwikwiyo mai tulun ciki da haƙarƙari a waje tsutsa gare shi, awonshi zai nuna ƙasa da abin da irinshi zai kai, da an kashe tsutsar sai nauyin ya yi tsalle. Maganin tsutsa duk sati 2 har ya kai sati 12, daga nan duk wata har wata 6, kuma gwargwadon nauyi ake ba shi. Kaska ma tana shan jini ta tsayar da girma, a duba kunne da tsakanin yatsu. Abinci sau 4 a rana har wata 3, sannan sau 3. Kar a rage mashi abinci wai don ya tsaya ƙarami, sukarin jininshi zai faɗi ya yi ta rawar jiki ko ya suma. Kar kuma a ƙara mashi garin kalsiyam a kan abincin kwikwiyo na buhu, yana ɓata ƙashi.

Baban Ummi: Ki ce ma mai sayarwa ya nuna uwar da uban, ido da ido. In uban karen unguwa ne, duk lissafin nan ya rushe, zai iya haura kilo 10.

Maman Sadiq: An duba bakin yanzu, Likita. Duk sirara ne, babu giɓi.

Likita: To ku ɗauka bai kai wata 4 ba. A nemi katin rigakafinshi. In babu, a fara allurar parvo yanzu, wato cutar amai da zawon jini da ke kama 'yan kwikwiyo, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har sati 16, ta haukan kare kuma in ya cika wata 3.

Mai kaji na Daura: Kafinta ya yi ɗakin da lissafin kilo 8, ya ɗaga shi daga ƙasa, rufi biyu. Gashin nan da zafin Afrilu ba su jituwa, a sa shi ƙarƙashin bedi in akwai.