Muhawara: Ana iya raba waƙa da ra'ayin mawaƙinta?

Malamin makaranta, Zariya: Assalamu alaikum. Wasu suna cewa wanda bai yarda da siyasar mawaƙi ba bai kamata ya saurari waƙarsa ba, ni kuwa ban gamsu da haka ba. Ban taɓa zaɓar jam'iyyar da Dauda Kahutu Rarara yake yi wa waƙa ba, amma ƙarya ne in ce bai iya sarrafa Hausa da zaɓen kari ba, kuma ban ga laifin jin daɗin gwanintarsa ba ko da na ƙi hajar da yake talla.

Direba, hanyar Kano zuwa Katsina: Malam, Allah ya ƙara basira, amma a mota lamarin ba haka yake ba. A 2015, idan na sa waƙoƙinsa na Buhari, fasinjoji amshi suke yi har mu shiga tasha. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 na sa wata da yake yabon Tinubu, sai wata dattijuwa da na ga ta kwance bakin zaninta ta ƙirga kuɗin mota sau biyu kafin su cika ta ce, "Ɗana, kashe mana." Ban ga ta inda zan ce mata ta ji kiɗan ta bar kalmomin ba.

Hajiya, Funtua: Ku biyun abu daban-daban kuke magana a kai. Marigayi mahaifinmu bai taɓa kusantar giya ba, kuma ya san sarai Mamman Shata ya yi waƙar da ke wasa shanta, amma kaset ɗin Shata bai bar ɗakinsa ba. Idan aka zo kan waccan sai ya tura gaba, ya saurari waɗanda aka yi wa manoma da direbobi da sarakuna. Jami'ar Ahmadu Bello ma da ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, fasaharsa ta duba. Waƙar kamfe kuwa ba ta da wurin turawa gaba, domin ra'ayin shi ne waƙar ɗungurungum.

Malamin makaranta, Zariya: Na karɓi wannan, Hajiya, sai dai abin da yake damuna shi ne inda ƙyamar take kai mutane. A watan Maris na 2023 an cinna wa kadarorin Rarara wuta a Kano bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamna, kuma a 2024 jama'a sun yi ta kai ƙarar shafinsa na Facebook har aka rufe shi.

Ɗalibin adabi, Sakkwato: Malam, a gafarce ni, ni tambayata ita ce ko ra'ayinsa ne ma tun farko. A al'adar roƙo, mawaƙi ubangidansa yake wasawa, kuma Rarara da kansa ya fito ya soki mulkin Buhari a ƙarshen 2023 bayan shekarun da ya yi yana yabonsa.

Direba, hanyar Kano zuwa Katsina: Ƙona dukiyar mutum zalunci ne, Malam, kuma ba na goyon bayansa ko kaɗan, amma kashe rediyo ba ƙona gida ba ne. Kai kuma ɗan'uwa, idan har sana'a ce kawai, to ni da dattijuwar nan muna da damar ƙin saye.