Neman Shawara Kan Famfon Kugelfischer na Peugeot 504 TI

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayen gidanmu makanikai da suka san tsofaffin motocin Peugeot.

A garejinmu muna farfaɗo da wata 504 TI mai injin XN2 da famfon Kugelfischer (famfon da ke tura fetur cikin injin ta nozul a maimakon kafireta), domin mai ita yana son ta koma kamannin motocin tsere irin wadda ta lashe gasar Safari a Kenya a 1975. Mun sake ringi, mun wanke tanki, mun kuma gwada nozul ɗin duka huɗu. Idan injin yana da sanyi yana tashi lafiya, amma da zarar ya ɗauki zafi sai sulo ya lalace, salansa ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, fulogai su yi baƙi ƙirin. Zatona na'urar da ke ƙara mai lokacin da injin yake da sanyi, wadda zafin ruwan lagireto ke sarrafawa, ita ce ta maƙale.

An ce mu cire famfon mu sa kafireta, amma raina bai kwanta ba, domin hakan zai raba motar da asalinta. Yaya ake gwada wannan na'ura ba tare da an kwance famfon gaba ɗaya ba?