Wa zai tantance masu rauni a ƙofar asibiti, infirmiye ko dokta?

Salissou: Jama'a, na ce kuma ina kan bakana: in bala'i ya afku, infirmiye ya fara tantancewa, wato ware masu rauni gwargwadon tsananin halinsu don a san wa za a fara yi wa magani, kada ya jira dokta. Ku tuna motar dakon man da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019. Cikin dare ne, mutum fiye da 50 suka rasu. A irin wannan sa'a ma'aikatan lafiya masu gadin dare ne kawai a asibiti. Aikin kuwa sananne ne: mai iya tafiya da ƙafarsa, a ba shi alamar tsanwa, wato yana iya jira. Wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ko ka danna farcensa jini bai dawo ba cikin daƙiƙa 2, ko ba ya bin umarni, a ba shi alamar ja, wato a fara da shi.

Hajiya Rabi: Majo, a nan ne muka raba hanya. Wanda ya ƙone yana iya shigowa da ƙafarsa, ka ba shi tsanwa, alhali ya shaƙi hayaƙi. Bayan 'yan awoyi maƙogwaro ya kumbura ya toshe. Muryarsa ta dishe, gashin hanci ya babbake, baƙin toka a baki: wannan ja ne ko da yana gaisawa da mutane. Nawa ne cikin sababbin yaranmu suka san haka?

Salissou: To ai koyarwa ce ta rage, Hajiya, ba hana su aikin ba.

Moussa: Ku gafarce ni, manya. Ko an tantance daidai, da me za a yi aikin? Mutum mai kilo 70 da ya ƙone kashi 30 cikin ɗari na jiki, lissafinsa 4 sau 70 sau 30, wato mililita 8,400 na Ringer, ruwan da ake ƙara wa majiyyaci ta jijiya, a awa 24. Kwalba 17 ke nan ta rabin lita. Mutum 20 irinsa, kwalba 340. In makullin farmasi na aljihun wanda ya tafi gida, ƙwarewa ba ta buɗe ƙofa.

Hajiya Rabi: Ƙanena, ka manta inda aka fi kuskure. Rabin ruwan nan a awa 8 na farko ake sa shi, kuma daga lokacin ƙunar ake ƙirgawa, ba daga isowarsa ba. A sa masa robar fitsari, a riƙa aunawa. Babban mutum ya ba da fitsari kimanin rabin mililita kowane kilo a awa. In ba a rubuta lokacin ƙunar a katinsa ba, mai karɓar gadi lalube zai yi.

Salissou: Duk abin da kika lissafa aikin infirmiye ne.

Hajiya Rabi: Na yarda ya fara. Amma a rubuce yake cewa an ba shi izini? In ba haka ba, ranar da aka rasa rai shi za a kama. Kuma dokta ya sake duba 'yan tsanwa da zarar ya iso.

Moussa: A haɗa da wanda zai tare dangi a ƙofa, don su ne ke cika zauren gaggawa har gadon turawa ya rasa hanya.