Shin tauraron ɗan'adam zai iya duba mana gonakin rani daga sama?

Sakataren Manoma:
Assalamu alaikum. Ƙungiya ce ta masu noman rani, mambobinta na zaune a cikin birnin Kano, gonakin kuma suna wajen Kura da Kadawa: shinkafa, alkama da tumatir, mafi yawa eka ɗaya zuwa biyu. Ana ta cewa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana da taurarin da ke ɗaukar hoton gona. Da gaske hoton zai nuna inda ruwa bai kai ba ko inda taki ya gaza? Ta ina ake farawa, kuma nawa zai ci?

Mai Taswira:
Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. NASRDA dai tun 1999 aka kafa ta, hedikwatarta na Abuja, cibiyarta mai sarrafa hotunan sama kuma tana Jos. An harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011. Kada a haɗa su da NigComSat, wannan na sadarwa ne, ba ya ɗaukar hoto. NigeriaSat-2 yana iya rarrabe abu mai faɗin mita 2.5, amma an ƙera shi ne don aikin shekara bakwai, ya daɗe da haura wa'adinsa.

Abin da gona ke buƙata ba hoto ɗaya mai kyau ba ne, hoto ne da zai riƙa zuwa a kai a kai. Don haka ku fara da tauraron Sentinel-2 na Turai: kyauta ne, yana bi ta kanmu duk kwana biyar, da hantsi. Kowane ɗigo a hotonsa fili ne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ke nan hekta ɗaya ɗigo 100 ce, eka ɗaya wajen ɗigo 40.

Ku yi rajista a Copernicus Browser, shafin intanet da ake samun hotunansa, ku zaɓi Level-2A, wanda aka riga aka rage masa dishi-dishin iska. Ku zana iyakar gonar, ku danna NDVI, wato lambar da ke auna koren shuka. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, to bambancin biyun ake aunawa. Ƙasa tsirara tana ba da 0.1 zuwa 0.2, shuka da ta rufe ƙasa 0.6 zuwa 0.8. Kada ku dogara da lambar rana ɗaya. Ku jera hotuna huɗu ko biyar, ku ga wane lungu ne ya tsaya cak alhali saura na hawa.

Malamar Gona:
Bayanin Malam daidai ne, amma Sakatare, a kula da wannan sosai: hoton yana nuna inda matsala take, ba ya faɗin mece ce. Ƙishirwa, ƙarancin yuriya, ruwa da ya kwanta ya shaƙe saiwa, gishirin da ke fitowa fari-fari a bakin fangali, duk kala ɗaya suke bayarwa. Ciyawa kuma kore ce shar, fangalin da ta cinye zai fito kamar ya fi kowa lafiya. Haka kacallar da ta toshe kanal.

Shinkafa na da nata. Makonni biyu zuwa uku bayan dashe, ruwa tauraron yake gani, ba ganye ba, lambar za ta yi ƙasa ƙwarai. Wanda bai sani ba sai ya ruga ya watsa taki a banza.

Tumatir ya fi ba ni tsoro. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016, cikin ganye take shiga tana ci. Kafin sama ta ga canji, aikin gama ya gama. Wannan sai an tsuguna an juya ganye an ga farin zanen da ta bari, ko a kafa tarkon kama malam-buɗe-littafinta. Amfanin hoton shi ne malamin gona mai kula da gonaki hamsin ya san guda biyar da zai fara dubawa ranar Asabar, ya rage man babur.

Mai Safiyo:
Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne iyaka. GPS na waya yana kuskuren mita 3 zuwa 5, a eka ɗaya wannan ba wasa ba ne. A tsaya a kowace kusurwa kamar minti ɗaya har lambar ta natsu, nesa da inuwar mangwaro ko darbejiya. Sannan a watsar da ɗigogin gefe, domin sun haɗa shukarka da hanya ko gonar maƙwabci. Gonar da faɗinta bai kai mita 30 ba kusan babu abin da zai rage mata, gara a haɗa ta da na kusa a duba su tare.

Idan za a ɗora tsohuwar takardar safiyo a QGIS, manhajar taswira ta kwamfuta, a duba ma'aunin da aka bi wajen ba kowane wuri lambarsa a taswira. Yawancin tsofaffin takardunmu a kan na Minna aka yi su, hoton kuma a kan ma'aunin WGS84 yake, shiyya ta 32. In ba a juya lambobin takardar zuwa ma'aunin hoton ba, gonar za ta zame ta faɗa cikin ta wani.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin alkama, ƙura na rage lambar a ko'ina. In kun ga duk Kadawa ta faɗi lokaci guda, ranar ce ba ta da kyau, ku jefar da hoton. Da damina gajimare ne, musamman Agusta, a nan sai Sentinel-1 mai amfani da rada, wanda ke ratsa gajimare, sai dai karanta shi na son horo.

Mai Taswira:
Batun kuɗi, Malam: data ce kawai da kwamfuta ɗaya, QGIS ma kyauta ne. Don horo ku rubuta wa Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ko NASRDA, da sunan ƙungiya. Ku haɗa da iyakokin gonaki, ranar shuka da irin da kowa ya shuka, domin ba tare da waɗannan ukun ba ƙwararre ma ba zai iya fassara muku hoton ba.